Ranar da Lasifikar Kawu ta Ce A'a

Ƙanin mahaifiyarmu ne, mu muna ce masa Kawu, amma da zarar ya fita ƙofar gidansa sunansa Ana-Ji. Sana'arsa ce ta jawo masa sunan. Hayar lasifika yake bayarwa, kuma duk taron da aka kai kayansa, kafin kowa ya buɗe baki sai ya hau dandamali, ya ƙwanƙwasa makirufo da ɗan yatsa, ya hura masa iska, ya ce, "Ana ji? Na baya, ana ji?" Ba ya sauka sai na baya sun ɗaga hannu. Akwai ranar da suka ƙi ɗagawa don tsokana, ya tsaya yana ta tambaya har babban baƙo ya fara gyangyaɗi.

Shagonsa ɗan tsukuku ne, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da magani. Wayoyi a rataye jikin ƙusoshi, janareto a bayan ƙofa, ƙaurin dalma kullum a hanci. Rabin shagon kuwa wata ƙatuwar lasifika ce ta cinye shi, wadda ya saya a hannun wani gidan silima da ya rufe. Giwa yake ce mata. Yana goge ta da tsumma kowace safiya, in damina ta zo ya lulluɓe ta da bargon da matarsa take nema ruwa a jallo.

Matar tasa, wadda muke kira Inna, wanki da guga take yi a bayan gida. Igiyoyin shanya sun cika tsakar gidan, sai ka sunkuya ka ratsa tsakanin zannuwan gadon mutane kafin ka kai falo. Mace ce mai ƙarancin magana, amma in ta yi guda ɗaya sai ka kwana kana juya ta.

Manyan jam'iyyu biyu ne a ƙasar, mai alamar Tocila da mai alamar Bokiti, kuma Kawu yana yi wa kowace aiki. In aka tambaye shi tasa sai ya ce, "Ni jam'iyyata wutar lantarki." Sai dai yana da wata aƙida da ya riƙe da gaske. A ganinsa shugabanni ba mugaye ba ne, ba sa jin abin da ake faɗa ne kawai. In gwamnati ta yi abin da jama'a ba sa so, sai ya girgiza kai ya ce, "A bincika kayan wa aka yi haya a taron nan. Na tabbata makirufon na tsartuwa."

Inna takan ce, "Allah ya ƙara maka kyakkyawan zato, Malam."

Ana nan sai maganar ruwa ta taso. Gwamnatin Tocila ce ke kan mulki, ta ce za ta sayar da hukumar ruwa ga wani kamfani, a sa wa kowane famfo mita mai kati, in katinka ya ƙare famfo ya yi shiru. Ƙasa ta ɗauka. A mota maganar ke nan, a layin asibiti ita ce, har a wajen gaisuwar mutuwa sai an gama addu'a a koma kanta. Ban taɓa jin mutum ɗaya da ya ce yana so ba.

'Yan Bokiti suka ga faɗuwa ta zo daidai da zama, don zaɓe ya ƙarato. Ɗan takararsu na majalisa a yankinmu, wani dogo mai farin gilashi da kowa ke kira Mai Gilashi, ya kira taron jin ra'ayin jama'a a babban zauren makarantar sakandare. Kawu aka ba aikin. Tun da sassafe ya kai Giwa a bayan a-kori-kura, ya ƙara wa makirufo doguwar waya don ta kai har kujerar ƙarshe. Da aka fara, shi da kansa ya riƙa bin layi-layi yana miƙa wa mutane, yana ce musu, "Matso da bakinka. Kada ka ji kunya. Yau ranarka ce."

Tsohon malamin makaranta ya yi magana, mai wankin mota ya yi, wata ungozoma ta yi. Kowa a'a. Sai ga Inna ta ɗaga hannu, abin da ba ta taɓa yi ba a bainar jama'a. Kawu ya kai mata makirufo.

Ta dubi Mai Gilashi ta ce, "Ranka ya daɗe, ni wanki nake yi. Wannan farar rigar ta jikinka ma ta taɓa biyowa ta hannuna. In aka sa wa famfo kati, da yawu zan wanke ta?"

Zaure ya ɗauki tafi. Mai Gilashi ya miƙe, ya cire gilashin, ya goge ido da hankici.

Ya ce, "Uwata, na ji ki. Ruwa kyautar Allah ne. Duk ranar da kuka ji na ɗaga hannu an sayar da ruwan ƙasar nan, ku zo ku cire wannan gilashin daga fuskata ku taka."

A hanyar gida Kawu ya kasa rufe baki. "Kin gani ko? Har hawaye ya yi. Murya in ta fita tas, dole ta shiga zuciya."

Inna ta ce, "Ni dai na ga ya goge ido. Hawayen ban hango ba, ina nesa."

Bokiti ta ci zaɓe da gagarumin rinjaye. Kawu ya ɗauki nasarar kamar tasa. Ba a daɗe ba sai rediyo ya sanar cewa sabuwar gwamnati ta yi watsi da shirin sayar da hukumar ruwa. A maimakonsa za a yi haɗin gwiwa da wani kamfani, wanda zai sa wa kowane famfo mita mai kati. Kamfanin ma shi ne dai na farko.

Kawu ya kashe rediyon, ya bubbuga shi, ya sake kunnawa. Labarin bai canza ba.

Washegari ya sa rigarsa ta fita kunya ya tafi ofishin Mai Gilashi. Ya wuni a kan benci a baranda tare da masu neman aiki da masu neman a rubuta musu takarda, sai dab da tashi aka shigar da shi. Ɗaki ne mai sanyi kamar cikin firji, da kafet mai nutsar da ƙafa.

Mai Gilashi ya ce, "A'a, Ana-Ji! Ina Uwata mai wanki?"

"Tana gaishe ka, ranka ya daɗe. Ta ce in tuna maka maganar gilashi."

"Ai wancan ya fashe tuni, wannan sabo ne." Ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya gyara zama. "Ba sayarwa muka yi ba, Ana-Ji. Haɗin gwiwa ne, na ɗan lokaci."

"Har zuwa yaushe?"

"Jikokinka za su ga ƙarshensa, in Allah ya ba su tsawon rai."

Mai Gilashi ya rage murya ya ce, "Bari in gaya maka gaskiya. Da muka shiga muka buɗe asusu, ba komai a ciki sai ƙura. Bututun ƙasar nan sun girme ni, rabin ruwan a ƙasa yake tsiyayewa. Mutane suna son sabon bututu, suna son ruwa kyauta, ba sa son a ƙara haraji. Kai in kai ne ya za ka yi?"

"To me ya hana ka faɗi haka a zauren? Makirufo lafiyarsa ƙalau ranar."

"Da na faɗa, wa zai zaɓe ni? Kuma ni ɗaya ne a cikin taro. Jam'iyya ke yanke hukunci. Za a yi babban taro na ƙasa, daliget-daliget, wato wakilan mazaɓu, su ne za su amince ko su ƙi."

Wannan maganar ce Kawu ya fito da ita a ka. Ya iso gida ya ce wa Inna ya gano inda wayar ta tsinke. Saƙo ya isa kunnen ɗan majalisa, amma bai ƙarasa wurin jam'iyya ba. Don haka shi zai kai da kansa.

Ya yanki katin Bokiti. Zama daliget bai ba shi wahala ba, don da ya ce duk taron mazaɓa zai kawo kayansa kyauta, sauran masu nema suka janye. Da shugaban jam'iyya na ƙasa, wanda kowa ke ce wa Ciyaman, ya ji labarin akwai daliget mai lasifika, sai aka ba shi aikin sautin babban taron gaba ɗaya.

A babban ɗakin wasanni aka yi taron. Gaba kujerun laushi ne na ministoci da manyan baƙi, baya kuwa bencin siminti ne hawa-hawa har kusa da rufi, cike da daliget daga kowane lungu na ƙasar. Kawu yana gefen dandamali, katin daliget a wuya, wayoyi a kafaɗa, injin sauti a gabansa. Duk makirufon da ya mallaka, da waɗanda ya aro, ya rarrataye su a saman bencin baya.

Kafin a fara Ciyaman ya zo wucewa. Mutum ne mai ƙiba da tattausan lafazi, bai taɓa ɗaga murya ba. Ya dafa kafaɗar Kawu.

"Ɗan'uwa, in an zo ƙuri'ar baki, waɗancan na saman ka ɗan sassauta su. Ana nuna mu a talabijin, kada hayaniya ta dami masu kallo."

Kawu ya ce, "Za a ji komai yadda ya kamata, ranka ya daɗe."

Aka sha jawabai har rana ta karkata. Sannan Ciyaman ya karanta ƙudurin haɗin gwiwa, ya ce, "Masu amincewa su ce e."

Kujerun gaba suka ce e, cikin ladabi, kamar an tambaye su ko a ƙara musu shayi.

"Masu ƙi su ce a'a."

Kawu ya kama maɓallin ƙarin murya ya murɗa shi har sai da ya tsaya.

Waɗanda suke wurin har yau ba su daina ba da labarin wannan a'ar ba. Tagogi suka kaɗa. Tantabarun da ke kwana a rufin suka watse. Wani minista ya faɗa ƙarƙashin kujera, wai ya zaci harbi ne. Giwa ta ɗauki muryar dubban mutane ta amayar da ita a lokaci guda, sai ta yi wani irin gurnani, hayaƙi ya fito ta bayanta, sauti ya ɗauke ɗif.

Ciyaman ya sa ɗan yatsa ya sosa kunne. Ya ƙwanƙwasa makirufonsa, ya ji a mace. Sai ya dubi kujerun gaba, ya ce da muryarsa ta kullum, "Masu e sun yi rinjaye." Ya buga guduma, aka tashi.

Abin da ya faru ke nan a gaba. A baya kuwa ba wanda ya ji abin da ya ce, tunda lasifika ta ƙone. Sun ga dai ya buga guduma, sun kuma san irin a'ar da suka yi. Sai murna ta ɓarke. Suka sauko da gudu suka ɗaga Kawu sama, suna zagaya ɗakin da shi suna kirari. Shi kuwa yana kusa da dandamali, ya ji komai da kunnensa. Yana ta ihu, "Ku sauke ni! An kayar da mu!" amma ina, babu makirufo. Sai a motocin komawa gida, da direbobi suka kunna labaran yamma, kowa ya san abin da ya amince da shi.

Kawu ya dawo da gawar Giwa ya ajiye a shago, ya yi kwanaki ba ya son magana. 'Yan Bokiti suka daina kiransa aiki. Ma'aikatan kamfani suka zo suka ɗaura mita a famfon bayan gida, wata 'yar akwati mai jar fitila da take ƙyaftawa duk lokacin da Inna ta buɗe ruwa. Inna ta koma ɗauraye kaya a ruwan da ta ɗauraye wasu, ta ƙara farashin wanki, wasu masu kawo mata kaya suka gudu.

Wata Asabar na je gaishe su, na tarar Kawu ya tara iyali a falo: Inna, babban ɗansu, da 'ya'yansu mata biyu. Ya ce ni ma in zauna, ina da ƙuri'a. Ya yi gyaran murya ya ce abin da aka yi a babban taro ba za a taɓa yin irinsa a gidansa ba. Ɗan abin da suka tara zai isa a sayi abu ɗaya ne tak: ko tankin tara ruwan sama don wankin Inna, ko lasifikar da za ta maye gurbin Giwa. Kowa ya faɗi ra'ayinsa ba tsoro.

Kowa ya ce tanki. Auta ma hannu biyu ta ɗaga.

Kawu ya ce, "Na ji ku. Magana ta ƙare."

Ranar Litinin ya tafi kasuwa. Da la'asar sai ga a-kori-kura a ƙofar gida, a bayanta wata baƙar lasifika tana sheƙi. Inna ta fito hannunta duk kumfa, ta tsaya tana kallo.

Kawu ya fara bayani tun kafin ya sauko. "Ku tsaya ku ji. Da na isa kasuwa na ga abin da ku ba ku gani ba daga falo. Tanki ba ya haihuwa. Wannan kuwa ita za ta haifo tankin, har da ƙari. Ba ƙin maganarku na yi ba, hanyar ce kawai na canza."

Inna ta ce, "Haɗin gwiwa ke nan."

"Ba haka ba ne."

"Sannu da zuwa, Ciyaman. A kawo maka ruwa, ko katin ya ƙare?"

Daga ranar sunan ya bi shi a cikin gida. Ciyaman, abinci ya sauka. Ciyaman, ana sallama da kai. Mahaifiyarmu da ta ji labari ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce masa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ya yi fushi da ita na ɗan lokaci.

Abin da ya ƙara rikita shi, maganarsa ta tabbata. Sabuwar lasifikar ta samu aiki a bukukuwan makarantu da tarukan 'yan kasuwa, kafin damina ta biyu ya sayi tankin, ƙato, aka girke shi a bayan gida. Maimakon ya yi murna sai ya shiga tunani. Ya ce wa Inna, "To ko Mai Gilashi ma gaskiya ya faɗa? Ko akwai abin da suke gani wanda mu ba ma gani?"

Ta ce, "Zai yiwu. Amma ni ga tankinka ina gani. Ina sabon bututunsu?"

Sabon bututu dai ba a gan shi ba. Da zaɓe ya sake zagayowa, 'yan Tocila, waɗanda su suka fara kawo maganar sayarwa, suka fito suna rantsuwa cewa ba su taɓa ganin zalunci irin sa wa ruwa kati ba. Suka yi hayar kayan Kawu, suka yi tarukan jin ra'ayi, jama'a suka sake cewa a'a, aka zaɓe su. Da suka hau sai suka ce sun duba yarjejeniyar, an ƙulla ta tamau, warware ta sai ya fi barinta tsada. Suka canza wa katin launi. Mai gyaran takalmin da ke maƙwabtaka da shagon Kawu ya ce duk kanwar ja ce, ya rantse shi da layin zaɓe har abada.

A ƙarshe kamfanin ne da kansa ya gaji. Bututu na ta fashewa, mutane sun koyi zagaye mita da ɗan guntun tiyo, riba ta ƙi fitowa. Wata rana aka wayi gari ya tattara ya bar ƙasar, ruwa ya koma hannun hukuma. Jam'iyyun biyu kowace ta ce ita ta kore shi saboda ta saurari koken talakawa, kuma kowace ta shirya gangamin murna, rana ɗaya, a kan titi ɗaya. Dukansu wurin Kawu suka zo haya. Ya ba wa Tocila sabuwar lasifikar, ya haɗa wa Bokiti wasu ƙanana guda biyu, ya zauna a tsakiyar titi a kan kujerar roba, yana daidaita sautin kowa don kada wani ya danne wani. Mai Gilashi, wanda a lokacin ya riga ya koma Tocila, ya hango shi daga dandamali ya kira shi gwarzon ruwa. Kawu ya ɗaga masa hannu, don bai ji abin da ya ce ba. Tun ranar babban taro kunnensa na hagu bai koma daidai ba.

Yanzu ya manyanta, babban ɗansa ke ɗaukar kaya, shi sai dai ya zauna ya ba da umarni. An cire mitar. Ruwa yana zuwa wasu ranaku, wasu ranaku famfo ya yi ta huci kamar mai asma.

A zaɓen da ya wuce ni na raka shi rumfa, don gwiwarsa na damunsa. Muna cikin layi na ce, "Kawu, bayan duk abin da ka gani, me ya sa har yanzu kake wahalar da kanka?"

Ya ce, "Me?"

Na zagaya ta kunnen dama na maimaita.

Ya ce, "Da can na zaci kunnensu a kai yake, irin namu. Ashe a jikin kujera yake. Sai an ja kujerar suke waiwayowa su ce, wa ya yi magana? To ni ja na zo yi."

"In wanda ya hau ma ya ƙi ji fa?"

"Sai in dawo in ja tasa. Ina da wani aikin ne?"

Wata mata a bayanmu ta tambaye shi wa zai zaɓa, ya ce mata ai sirri ne, sannan ya faɗi sunan da ƙarfin da har jami'in da ke ƙofa ya juyo. Ya shiga, ya daɗe, ya fito yana hura tawadar da ke yatsansa. Ya ce in tare mana mota mu biya ta shago, akwai taron iyayen yara da yamma, kuma bai yarda da yadda ɗansa yake naɗe waya ba.